Sa'o'i Bakwai: Nazari Kan Ɓarakar Manhajojin Sarrafa Shafukan Intanet Da Tsadar Jinkirin Gyara

Ran Laraba 15 ga watan Oktoba na shekarar 2014, da misalin ƙarfe 5 na yamma agogon Nijeriya, kwamitin tsaro na manhajar Drupal ya fitar da sanarwar cewa an gano wata mummunar ɓaraka a cikin samfuri na 7 na manhajar, ya kuma haɗa sanarwar da gyaran da zai toshe ɓarakar. Bayan mako biyu, watau ran 29 ga watan, kwamitin ya sake fitar da wata sanarwa wadda ba a saba jin irinta daga bakin masu ƙera manhaja ba. Ya ce duk mai shafin intanet da ke kan wannan samfuri, muddin bai sanya gyaran ba kafin ƙarfe 12 na daren ranar da aka yi sanarwar farko, to ya ɗauka kawai an riga an shiga shafin nasa. Tsakanin fitowar gyara da cikar wannan wa'adi sa'o'i bakwai ne kacal, kuma a nan ƙasar sa'o'i ne da ofisoshi suke a rufe, ma'aikata sun koma gidajensu.

Wannan al'amari ya wuce labarin masanan kwamfuta kaɗai, domin kuwa ya shafi lissafin riba da hasara na duk kamfanin da ke karɓar oda, ko tallata haja, ko ajiye sunayen abokan cinikinsa ta hanyar shafin intanet. Abin da tarihin shekaru goman da suka biyo baya ya nuna shi ne, galibin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan shafuka tana aukuwa ne bayan an riga an fitar da gyara, a cikin tazarar da ke tsakanin ranar da gyaran ya fito da ranar da mai shafi ya sanya shi. Tsawon wannan tazara kuwa kasafin kuɗi ne da sharuɗɗan kwangila suke yanke shi, kuma shugabannin kamfani ne suke sa hannu a kansu.

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da manhajar sarrafa shafi. A farkon zamanin intanet, duk wanda ke son ya canza ko da farashin haja guda a shafinsa sai ya nemo masani ya sake rubuta shafin da hannu. Manhajar sarrafa shafi ita ce ta ɗauke wannan wahala. Tana ajiye rubutu da hotuna da sunayen ma'aikata da kalmominsu na sirri a cikin wani rumbun bayanai, sa'an nan duk lokacin da baƙo ya buɗe shafin sai ta ɗebo abin da ake bukata daga rumbun ta shirya masa. Da ita sakatare ko jami'in talla zai iya sanya sabuwar sanarwa ba tare da ya san komai game da rubutun kwamfuta ba. Fitattu daga cikinsu su ne Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar a shekarar 2001, da WordPress wadda ta fito a 2003, da kuma Joomla ta 2005. Dukansu kyauta ake ba da su, kuma kowa yana iya karanta rubutun da aka gina su da shi. Ba kuma ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ke amfani da su ba, tun da shafin fadar shugaban Amurka ma ya koma kan Drupal a shekarar 2009, ya kuma daɗe a kanta shekaru da dama.

Arahar waɗannan manhajoji ita ce ta sa suka mamaye kasuwa. Ƙididdigar W3Techs ta nuna cewa a shekarar 2024 WordPress kaɗai ita ke ɗauke da kimanin kashi 43 cikin ɗari na dukan shafukan intanet na duniya. A fannin tattalin arziki wannan yaɗuwa tana da amfani, domin tana rage tsadar ƙwararru da ta kayan aiki. Amma tana tafe da wani haɗari da kowane ɗan kasuwa zai gane. A ɗauka cewa rumfuna dubu goma a cikin kasuwa guda duk kwaɗo iri ɗaya suke rufe ƙofa da shi. Ranar da ɓarawo ya gano yadda ake buɗe guda ɗaya, ya gano yadda ake buɗe sauran duka. Bambancin kawai shi ne, ɓarawon kasuwa sai ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa, shi kuwa mai kutse yakan rubuta wata 'yar manhaja ce da za ta bi dubban shafuka tana gwada ƙofofinsu cikin dare guda, yana barci abinsa. Kuɗin da yake kashewa a kan kowane ƙarin shafi bai taka kara ya karya ba, saboda haka ba ya bukatar ya zaɓi wanda zai kai wa hari. Wannan shi ya sa maganar da ƙananan kamfanoni suka saba yi, cewa ba su da abin da zai ja hankalin masu kutse, ba ta da tushe.

Ita ɓarakar ta 2014, Stefan Horst ne na kamfanin SektionEins da ke ƙasar Jamus ya gano ta, kamfanin kuma ya sanar da kwamitin tsaron Drupal a asirce a watan Satumba na wannan shekara. Irinta ake kira cusa umarni cikin rumbun bayanai. Ana magana da rumbun ne da wani harshen kwamfuta mai suna SQL, kuma duk abin da baƙo ya rubuta a cikin fom, alal misali sunansa a wurin shiga shafi, manhajar takan ɗauka ta saka shi cikin tambayar da za ta aika wa rumbun. Misalinsa kamar akawu ne da aka ba fom ya duba suna a cikin rajista, sai mai cika fom ɗin ya rubuta a gurbin suna cewa a buɗe masa ɗakin ajiya a ba shi makulli, akawun kuma ya kasa bambance suna da umarnin maigida, ya tashi ya aikata. Abin mamaki a nan shi ne, ɓarakar ta kasance ne a cikin ɓangaren da Drupal ta gina musamman don hana irin wannan cusa umarni. Wannan ɓangare yana tace abin da aka rubuta a cikin gurbin fom sarai, amma bai tace sunayen da aka laƙaba wa guraben ba, ta nan kuwa aka samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar tana kan ƙofar gaba ne, domin mai kutse ba ya bukatar suna ko kalmar sirri kafin ya yi amfani da ita. Yana iya naɗa kansa mai kula da shafin baki ɗaya, ya kwashe abin da ke cikin rumbu, ya kuma dasa tasa manhajar a kan kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

Gyaran da aka fitar a samfuri na 7.32, wanda masu sana'ar ke kira faci kamar na tayar mota, bai wuce sauya layi guda na rubutu ba. Ƙanƙantar facin ita ce ta sa wa'adin ya yi gajarta haka. Da yake rubutun manhajar a buɗe yake, duk mai ilmin abin yana iya ɗora sabon samfuri a kan tsohon ya ga inda aka taɓa, kuma wurin da aka liƙa faci shi ne wurin da huda take. Saboda haka sanarwar gyara tana isa ga mai shafi da mai kutse a lokaci guda, daga nan kuma sai tsere. Mai kutse ba shi da taron manajoji da zai jira, ba shi da takardar neman izinin kashe kuɗi da zai cika, ba ya kuma tashi daga aiki ƙarfe 4. Cikin 'yan sa'o'i da sanarwar aka fara ganin hare-haren da manhajoji ke kaiwa da kansu a kan shafuka ko'ina cikin duniya, har aka laƙaba wa lamarin suna Drupalgeddon.

Sanarwar ran 29 ga Oktoba ta ƙunshi wani bayani da ya kamata a tsaya a kansa. Kwamitin ya gargaɗi masu shafuka cewa sanya faci bayan wa'adin ba zai fitar da wanda ya riga ya shiga ba, tun da yana iya barin wata ƙofar sirri da zai riƙa dawowa ta cikinta. Har ila yau ya ce wanda ya tarar an riga an sanya faci a shafinsa alhali ba shi ya sanya ba, to wannan ma alamar kutse ce, domin wasu masu kutsen suna shiga ne su toshe ɓarakar da hannunsu don kada wani abokin sana'arsu ya biyo sawu ya raba ganima da su. Watau ɓarawo ya shiga gida, ya gyara ƙofar da ya ɓalle, ya riƙe makullin. Shawarar da kwamitin ya bayar ita ce a sauke shafin, a maido da shi daga kwafin ajiya da aka yi kafin ran 15 ga watan, sa'an nan a sanya facin. Wanda ba shi da irin wannan kwafi kuwa, sai dai ya sake gina shafinsa tun daga tushe, ko ya biya ƙwararre ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya yana bincike, ba tare da tabbacin cewa ya gano komai da komai ba.

A nan ne lissafin ya fito fili. Sanya facin a kan lokaci aikin mintoci ne ga wanda ya san abin da yake yi. Bayan wa'adi kuwa, aikin ya zama na kwanaki: ladan ƙwararru, cinikin da aka rasa yayin da shafin ke rufe, odar da aka karɓa bayan ranar kwafin ajiya wadda sai an sake tattara ta, da kuma kunyar sanar da abokan ciniki cewa bayanansu sun fita. Duk da wannan bambanci mai yawa, kamfanoni da ma'aikatu da dama sun ci gaba da jinkiri, kuma dalilin ba jahilci ba ne kawai. Dalilin yana cikin yadda ake rubuta shafin intanet a littafin kuɗi. Akasari ana sanya shi ne a sashen manyan ayyuka, kamar ginin katanga: a ba da kwangila, ɗan kwangila ya gina, a yi bikin buɗewa, a biya shi, a rufe fayil. Alhali kuwa shafin ya fi kama da janareto, wanda ke bukatar canjin mai da duba lafiyarsa muddin yana aiki, watau wurinsa na sashen kuɗin gudanarwa ne na yau da kullum. Idan ba a ware masa komai a wannan sashe ba, ranar da sanarwar faci ta fito ba wanda aikinsa ne ya karanta ta. Ɗan kwangila ya daɗe da tafiya, wani lokaci ma da kalmar sirrin shafin a hannunsa. Kalmar kyauta da ke manne da waɗannan manhajoji ita ma ta taimaka wajen ruɗin, domin lasisin ne kyauta, kulawar kuwa sai an biya wani ya yi ta, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shekaru uku da rabi bayan haka aka sake gwada masu shafukan Drupal, wannan karon da sauƙi a cikin jarrabawar. Ran 21 ga watan Maris na 2018 kwamitin tsaron ya ba da sanarwa tun mako guda kafin lokaci cewa ran 28 ga watan zai fitar da faci mai muhimmancin gaske, ya kuma roƙi masu shafuka su keɓe lokaci dominsa. Facin ya fito a ranar da aka ce, a samfuri na 7.58 da na 8.5.1, kuma kwamitin ya ƙiyasta cewa ɓarakar ta shafi shafuka fiye da miliyan ɗaya. A wannan karon masu kutse ba su gane bakin zaren nan da nan ba. Sai wajen ran 12 ga watan Afrilu, bayan kamfanin Check Point ya wallafa bayanin yadda ɓarakar take aiki, sa'an nan hare-hare suka ɓarke. Ke nan masu shafuka sun samu mako guda na gargaɗi da kuma mako biyu na sarari. Amma a watan Yuni wani mai bincike, Troy Mursch, ya duba shafuka kusan 500,000 da ke kan Drupal 7, ya ba da rahoton cewa fiye da 115,000 daga cikinsu suna nuna lambar tsohon samfuri. Kwamitin Drupal ya yi jayayya da wannan adadi, bisa hujjar cewa ana iya sanya faci ba tare da lambar samfuri ta canza ba, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai ɗaruruwan shafukan da aka tarar an dasa musu manhajar haƙar kuɗin kirifto, ciki har da na gidan namun daji na San Diego a Amurka da na gwamnatin Chihuahua a Meziko, sun isa shaida cewa ƙarin lokaci shi kaɗai ba ya magance jinkiri idan ba wanda aka ɗora wa nauyin.

Masu WordPress sun bi wata hanya dabam. Tun daga samfuri na 3.7 a watan Oktoba na 2013, manhajar takan sanya ƙananan facin tsaro da kanta ba tare da jiran mai shafi ba. Amfanin wannan ya bayyana a farkon 2017, lokacin da kamfanin Sucuri ya gano ɓarakar da ke ba kowane baƙo damar sauya rubutun shafi. An fitar da facin ran 26 ga watan Janairu a samfuri na 4.7.2 ba tare da an ambaci wannan ɓaraka ba, aka jinkirta bayaninta har ran 1 ga watan Fabrairu don miliyoyin shafuka su samu damar gyara kansu. Waɗanda suka kashe wannan tsari, ko ya ƙi aiki a wurinsu, su ne suka sha wuya, domin cikin kwanaki kaɗan aka ɓata rubuce-rubuce kimanin miliyan ɗaya da rabi a shafukansu. Masu kashe tsarin suna da dalilinsu, wanda shi ne tsoron kada sabon faci ya lalata wani ɓangare na shafin a tsakiyar ciniki. Tsoron gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a tanadi shafin gwaji da mutumin da zai gwada, wanda kuma shi ne kuɗin da aka ƙi warewa tun farko.

Uwar manhajar ma ba ita ce wurin da aka fi samun matsala ba. Kusan kowane shafi yana ɗauke da ƙananan manhajojin ƙari da ake liƙa masa don wasu ayyuka, kamar karɓar kuɗi, ko jera hotuna, ko fom na aika saƙo, kuma dubban mutane ne dabam dabam suke rubuta su, wasu kamfanoni ne, wasu kuwa mutum guda ne da ke yi a lokacin hutunsa. Kamfanin Patchstack ya ƙirga sababbin ɓaraka kusan 8,000 a duniyar WordPress cikin shekarar 2024, kuma kashi 96 cikin ɗari a cikin waɗannan manhajojin ƙari suke. Labarin Revolution Slider, wata manhajar jera hotuna, ya nuna yadda sarƙar ciniki take ɓoye haɗari. Masu ita sun toshe wata ɓaraka a watan Fabrairu na 2014 ba tare da sun yi shela ba. Amma dubban masu shafuka ba daga hannunsu suka saya ba, sun same ta ne ƙunshe a cikin zanen adon shafi da suka saya daga wasu dillalai, har da yawansu ba su ma san tana cikin shafinsu ba, balle su nemi facinta. Ɓarakar tana ba mai kutse damar sauke fayil ɗin da ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai. A watan Disamba na wannan shekara wani hari da aka kira SoakSoak ya bi ta wannan kafa ya shafi shafuka fiye da 100,000, kamfanin Google kuma ya sanya dubbai daga cikinsu a jerin shafuka masu haɗari, wanda a wurin ɗan kasuwa daidai yake da a kafa allo a ƙofar shagonsa ana gargaɗin jama'a kada su shiga.

Waɗannan ɓaraka biyu, ta Drupal da ta Revolution Slider, sun sake fitowa a cikin labarin da ya girgiza duniyar kuɗi a 2016. Ran 3 ga watan Afrilu na wannan shekara aka fara wallafa abin da aka sani da Takardun Panama, watau takardu miliyan 11.5 da suka fita daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca, masu bayani a kan kamfanoni fiye da 214,000 da aka yi wa rajista a wuraren ɓoye dukiya. Jaridar Premium Times ta Nijeriya tana cikin kafofin da suka yi aikin binciken, kuma kwana biyu da fara wallafawa firayim ministan Aisilan ya sauka daga kujerarsa. Masu binciken tsaro da suka duba shafukan kamfanin daga waje sun tarar cewa ƙofar da abokan hulɗarsa ke shiga don duba takardunsu tana kan Drupal 7.23, samfurin shekarar 2013 wanda ya girmi facin Oktoban 2014, babban shafinsa na WordPress kuma yana ɗauke da tsohuwar Revolution Slider. Ba a taɓa tabbatar da cewa ta waɗannan kafofi takardun suka fita ba, kuma wanda ya miƙa su ga jaridar Süddeutsche Zeitung ta Jamus bai bayyana kansa ba. Abin da ya tabbata shi ne, kamfanin da hajarsa kaɗai ita ce riƙe sirri ya bar ƙofarsa wata goma sha bakwai a kan samfurin da duniya ta san yana da huda. A watan Maris na 2018 ya sanar da rufe harkokinsa.

Akwai wani dalili na biyu da ke sa jinkiri ya yi sauƙi, wanda masana tattalin arziki suka daɗe da saninsa a fannin gurɓata muhalli: mai jawo ɓarna ba kullum shi ne mai ɗaukar nauyinta ba. Masana'antar da ke zubar da dagwalo a kogi tana samun rangwame, masunta da manoman da ke ƙasa su biya. Haka shafin da aka yi wa kutse yakan ci gaba da aiki lafiya a idon mai shi, alhali ana amfani da shi wajen aika saƙonnin damfara ga wasu, ko cusa wa baƙi manhajar ɓarna, ko satar lambobin katinsu na banki. Misali mafi bayyana shi ne na Magento, manhajar shagunan intanet mallakar kamfanin Adobe. An daina fitar wa samfurinta na farko faci daga ƙarshen watan Yuni na 2020, bayan an daɗe ana gargaɗi. A watan Satumba na wannan shekara kamfanin Sansec ya ba da rahoton cewa cikin ƙarshen mako guda an shiga shaguna kusan 2,000, galibinsu a kan wannan tsohon samfuri, aka dasa musu rubutun da ke kwafe lambar kati yayin da mai saye ke biyan kuɗi. Mai shago ya karɓi kuɗinsa cif, mai saye ya karɓi kayansa, hasarar kuwa ta bayyana daga baya a asusun mai sayen da kuma littafin bankinsa.

Inda kasuwa ta kasa mayar da nauyi kan mai shi, doka ce takan shigo. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na wannan shekara, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 da gano cewa bayanan sun fita, idan fitar tasu tana iya cutar da masu su. Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na dukan kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga sauran kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Makaranta mai karɓar takardun neman shiga ta intanet, da asibiti mai ba da lokacin ganin likita, da ɗan kasuwa mai ajiye adireshi da lambar wayar masu saye, duk masu riƙe da bayanai ne a idon wannan doka, ko da kuwa wani ɗan kwangila ne ya gina musu shafin. Wa'adin sa'o'i 72 ɗin ma yana ɗauke da wani sharaɗi a ɓoye, domin ba mai iya ba da rahoton kutsen da ba shi da hanyar ganowa.

Saboda haka wurin da ya kamata manajan kuɗi ya duba shi ne takardar kwangilar shafin. Kwangila mai kyau takan ambaci sunan wanda zai riƙa karɓar sanarwar tsaro, da adadin sa'o'in da aka ba shi ya sanya faci mai tsanani, har da dare da ranakun hutu, tun da an ga yadda agogon Turai da na Amurka suke sa sanarwa ta faɗo bayan tashi daga aiki a nan. Takan kuma tanadi jerin dukan manhajojin ƙarin da ke cikin shafin da inda aka samo kowace, a cire waɗanda ba a amfani da su. Batun kwafin ajiya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kwafin da aka ajiye a kan kwamfuta guda da shafin, wanda ya shiga shafin ya kai gare shi. Kwafin jiya kaɗai kuma ba shi da amfani ga wanda aka shiga shafinsa mako biyu da suka wuce, kamar dai yadda masu Drupal suka gani ran 29 ga Oktoba, lokacin da aka ce su nemo kwafin da ya girmi ran 15 ga wata. Kalmomin sirri na shafin da rajistar sunansa kuwa, a hannun kamfani ya kamata su kasance, ɗan kwangila ya yi aiki da aron makulli.

Abu na ƙarshe da kwangilar ke bukata shi ne ranar ritayar manhajar, domin kowane samfuri yana da ranar da masu shi za su daina kula da shi, kuma ya kamata a riƙa ware kuɗin sauya shi tun ana cikin amfani da shi, kamar yadda ake lissafin raguwar darajar mota ko injin masana'anta. Drupal 7, wadda a kanta duk wannan labari ya faro, ta fito ne ran 5 ga watan Janairu na 2011. An fara sanya watan Nuwamba na 2021 a matsayin ƙarshenta, aka ɗaga zuwa 2022, aka sake ɗagawa zuwa 2023, saboda yawan shafukan da ba su ƙaura ba, kafin a tsayar da ran 5 ga watan Janairu na 2025. Daga wannan rana kwamitin tsaron Drupal ya daina fitar mata da faci. Wanda har yanzu shafinsa ke kanta, ko dai ya biya kuɗin ƙaura zuwa sabon samfuri, wanda a aikace kusan sake gini ne, ko ya sayi kulawa daga kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da facin tsohon samfurin bisa kuɗin wata wata ko na shekara.